Kawu, in biya albashin ma'aikata da kuɗin binciken ruwa?

Assalamu alaikum Kawu. Ni akanta ne a wata hukumar ruwa ta gwamnati a nan Garwa. Ma'aikatanmu na kwantiragi su 14, direbobi da masu gadi da masu gyaran famfo da sakatare, yau wata 3 ke nan ba su ga albashi ba, saboda kason gudanar da ofis da ake aiko mana daga Yawunde bai sauko ba. A asusunmu kuwa akwai sefa miliyan 30 da aka ware mana a kasafin bana don binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a ƙauyuka, ko dala ba a taɓa ba. Darakta ya kira ni ya ce in ciri miliyan 6 in sallame su, in kuɗin ofis ya zo a mayar. Da na ce masa takardu ba za su daidaita ba, sai ya ce a rubuta sunayensu a cikin waɗanda suka fita aikin daji. Daraktan nan aminin marigayi mahaifina ne, shi ya tsaya mini na sami aikin. Ɗaya daga cikin direbobin kuma yayan matata ne, mai gidan haya ya ba shi wa'adi. A unguwa har an fara cewa ni na danne kuɗin. Kawu, ba sata za a yi ba, haƙƙin mutane za a biya. Doka ta yarda? In ba ta yarda ba, ta wajen Allah fa, ina da laifi in na sa hannu?

Ɗanka daga Garwa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kawo wa mutanen nan 14 da iyalansu mafita. Kada ka sa hannu a kan abin da darakta ya nema, ta hanyar da ya nema. Amma ka daure ka karanta har ƙasa, domin ƙin sa hannu kaɗai ba zai ɗora tukunya a gidan kowa ba, kuma mai yiwuwa akwai wani ɗan yanki na kuɗin nan da ya halatta ya shiga hannun wasu daga cikinsu.

Kuɗin da kake gani a asusu yana hannun hukumarku, amma hukumarku ba ta da ikon canza masa suna. A ƙarshen kowace shekara majalisar dokoki a Yawunde takan zauna ta amince da kasafin shekara mai zuwa, wanda ke aiki daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, kuma kowane kaso a ciki an rubuta abin da za a yi da shi. Dokar da ke tafiyar da wannan a Kamaru ita ce mai lamba 2018/012 ta ranar 11 ga Yuli 2018, kuma sunanta ma ya nuna ta haɗa da sauran hukumomin gwamnati, ba ma'aikatun ministoci kaɗai ba. Tushenta ƙa'idojin da ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki ta tsakiyar Afirka, suka amince da su ne a Disamba 2011, shi ya sa mai karatunmu na Njamena ko Abeche zai ga abin da zan faɗa ya yi kama da nasu, don Cadi ta yi tata dokar a 2014 daga tushe ɗaya.

Dokar nan ta ba shugabannin ofisoshi sarari fiye da na da. A cikin shiri guda na kasafi, mai ba da umarnin kashe kuɗi yana iya rage na mai ya ƙara wa na gyaran mota, ko ya rage na takardu ya ƙara wa na wuta. Amma an kulle ƙofa biyu. Ba a ɗebo daga wani wuri a ƙara wa kason albashi, ba a kuma rage kason ayyukan zuba jari a kai wani wuri. Ka ga abin da darakta ke nema ya bugi ta farko kai tsaye. In kuma kuɗin bincikenku a cikin kasafin zuba jari aka zuba shi, kamar yadda ake yawan yi wa binciken da ke share wa haƙar rijiyoyin burtsatse hanya, to ya bugi duka biyun. Waɗanda suka rubuta wannan sun san abin da suke gudu. Albashi abu ne da ke dawowa duk wata, kuma a bayansa akwai mutum mai rai da ke tsaye a bakin ofis. Bincike ba shi da mai tsaya masa. In aka bar ƙofar a buɗe, duk shekara albashi ne zai cinye, kuma ba wanda zai iya cewa an yi rashin tausayi.

Ba ka faɗa mini ko wace irin hukuma ce taku ba. In cibiyar gwamnati ce mai hukumar gudanarwa, dokar 2017/010 ta ranar 12 ga Yuli 2017 ce ke kanku, hukumar gudanarwar ce ke amincewa da kasafinku, kuma ita ce ke da hurumin gyara shi, ba darakta shi kaɗai a ofishinsa ba. In kuma kamfanin gwamnati ne da ke lissafi irin na 'yan kasuwa, to kuɗin da aka ba ku da sharaɗi yana nan ɗaure da sharaɗinsa, kuma dukiyar jama'a ce duk inda ta kwana. Ko ta wace hanya aka bi, maganar baki tsakanin mutum biyu ba ta kwance shi.

Sai batun "a mayar". Na san darakta ba ƙarya yake yi maka ba, har zuciyarsa yana nufin ya mayar. To amma ka tambayi kanka, ranar da kason ofis ya sauko, su wa zai tarar a layi? Akwai kuɗin wuta, akwai mai gidan man da kuke ɗiba bashi, akwai kuɗin asusun fansho na CNPS na ma'aikatan da ya taru, akwai albashin watannin da suka biyo baya. Kowanne da bakinsa da ƙafarsa. Asusun bincike shi ne zai zo na ƙarshe, don ba ya magana. Kuma wa ya ce maka kason zai zo cikakke? In Disamba ta yi rabi kawai ya sauko, ramin miliyan 6 yana nan, da sa hannunka a gefensa. Rancen da ba shi da ranar biya, ba shi da takarda, wanda mai kuɗin ma bai san an ci shi ba, littafin gwamnati ba shi da gurbin da ake rubuta shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne jimla ɗaya: a rubuta sunayensu a cikin waɗanda suka fita aikin daji. Ɗana, a nan ne maganar ta canza launi gaba ɗaya. Ɗaukar kuɗi daga wani gurbi a kai wani a fili, da sunansa na gaskiya, kuskuren gudanarwa ne. Ana tuhumar mutum a kansa, ana cin sa tara, ana iya sa shi ya biya. Amma rubuta cewa mai gadi ya kwana 10 a ƙauye yana awon rijiya alhali yana bakin ƙofa, da takardar tafiya ta ƙarya da sa hannu na ƙarya, wannan ƙirƙirar takardu ce, kuma ita ce ke mayar da kuskure laifin kotu. Sashe na 184 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya karkatar da dukiyar gwamnati ta hanyar zamba in ta haura sefa 500,000. Daga 100,000 zuwa 500,000 kuwa shekara 15 ne zuwa 20. Kotun musamman da aka kafa a Yawunde da dokar Disamba 2011 tana karɓar shari'o'in da suka kai miliyan 50, abin da bai kai haka ba babbar kotun yanki ce ke ji, amma sashen ɗaya ne. Ka dubi miliyan 6, ka dubi 500,000. Ban kawo wannan don in firgita ka ba. Tun da aka fara kamen manyan jami'ai a 2006 mun ga ministoci da manyan daraktoci a kurkukun Kondengi, kuma shari'ar kuɗi ba ta tsayawa a kan babba shi kaɗai, takan bi duk hannun da ke kan takarda.

Akwai kuma abin da darakta bai hango ba. Takardar ƙaryar nan ba ku biyu kaɗai za ta ɗaure ba. Kowane ɗaya daga cikin mutanen 14 sai ya sa hannu ko ya dangwala cewa ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba. Yayan matarka zai shiga ciki da yatsansa. Sannan a littafi albashinsu na wata 3 yana nan a matsayin bashin da ba a biya ba, kuɗin CNPS ɗinsu na waɗannan watanni ba a zuba ba, abin da zai iya cizon su ranar da suka zo neman fansho. Wanda aka so a taimaka aka jefa shi cikin laifi, haƙƙinsa kuma bai warware ba.

Ka san dalilin da ya sa aka raba aikinka da na darakta. Shi ne mai ba da umarni, kai ne mai fitar da kuɗi, kuma tsarin lissafin gwamnati, wanda dokar shugaban ƙasa ta 7 ga Yuli 2020 ta sabunta, ya hana mutum ɗaya ya riƙe duka biyun. An ajiye ka a wurin ne domin irin wannan ranar. In kai ne akantan gwamnati na hukumar, abin da ka biya ba bisa ƙa'ida ba ana iya bin ka shi daga aljihunka, kuma sashen binciken lissafi na Kotun Ƙoli ne ke duba littattafanka, ko da bayan shekaru, ko da an riga an canza wa darakta wurin aiki ko ya yi ritaya. Masu binciken CONSUPE, babbar hukumar binciken kuɗin gwamnati, su ma in sun zo takarda suke karantawa. Doka ta ba darakta damar ya tilasta wa akanta biya ta hanyar umarni a rubuce, nauyin ya koma kansa. Sai dai an cire wasu wurare da akanta ba zai bi ko da umarnin rubuce ba, daga ciki akwai rashin kuɗi a gurbin da ya dace, da rashin shaidar cewa an yi aikin da za a biya. Naku ya faɗa cikin duka biyun.

To ina yankin da na ce mai yiwuwa ya halatta? Bincike da mutane ake yin sa. Mota ba ta kai kanta Gidar ko Poli, igiyar awo ba ta sauka rijiya da kanta, kwalaben ruwa ba sa tafiya ɗakin gwaji da ƙafarsu. Ka ɗauko takardar aikin binciken, wadda aka zayyana yadda za a kashe miliyan 30 ɗin, ka karanta ta layi layi. Irin waɗannan takardu sukan ƙunshi kuɗin fita daji, da ladan ma'aikatan wucin gadi, wani lokaci har da ɗan kason gudanarwa. In akwai layin direba, kuma direbanku ya tuƙa tawagar da gaske, a biya shi na kwanakin da ya yi, da takardar tafiya da hukumar wurin da aka je ta buga wa hatimi. In akwai layin masu taimakon awo, kuma masu gyaran famfonku sun iya aikin, a tura su su yi, a biya su. Wannan kuɗin bincike ne ya biya aikin bincike, ba wanda zai ɗaga maka gira a kai. Tambayar da za ka riƙa yi wa kowane suna ita ce: an rubuta irin aikin nan a takardar? Mutumin ya yi shi? Akwai shaida? In ɗaya ta ɓace, ka ajiye alƙalami. Mai gadi da sakatare da wuya su shiga, kuma abin da direba zai samu ba zai maye albashinsa ba, bashinsa na nan har a biya shi. Amma ka lura da abin da wannan ke nufi. Hanya mafi sauri da wasu daga cikinsu za su ga kuɗi mai tsabta ita ce a fara binciken. Ka ce ko dala ba a taɓa ba. Don me? Wannan tambayar ta cancanci ka kai ta gaban darakta.

Ina so ka ɗan tsaya a kan binciken kansa, domin a wasiƙarka mutanen 14 suna da fuska, su kuwa mutanen ƙauyukan kalma ɗaya ka ba su. Kai ɗan arewa ne, ka san yadda Maris da Afrilu suke a Garwa, zafi ya haura digiri 40, mayo, wato rafi, ya koma rairayi, mata suna tono a tsakiyarsa da ƙwarya. A daidai wannan lokacin ne ake auna iyakar zurfin da ruwan ƙasa ke sauka, domin rijiyar da aka haƙa bisa awon damina takan ƙafe da bazara. In lokacin ya wuce ba kuɗi a asusu, sai wata shekarar. A yankunan duwatsu irin na Mandara, ruwa a tsagar dutse yake ɓuya, kuma haƙa ba tare da an gwada ƙasa ba yakan ƙare da busasshen rami bayan an kashe miliyoyi. Bincike ne ya nuna cewa ruwan wasu rijiyoyi a kwarin Mayo Tsanaga yana ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da miligiram 1.5 a kowace lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, abin da ke ɓata haƙoran yara, in ya yi yawa ya taɓa ƙashi. Ido ba ya ganin sa, harshe ba ya jin sa, sai an kai ɗakin gwaji. Ba mu manta da kwalarar 2010 da ta kashe ɗaruruwa a Arewa Mai Nisa ba. Ba mu manta da ambaliyar 2012 a kwarin Binuwai lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ba, ko ta 2024 da ta mamaye Yagwa. Rikicin Logon Birni na 2021 ma, wanda ya kori dubban mutane zuwa Cadi, a kan ruwa ya tashi. A ƙasar da ruwa ke kashe mutane in ya yi yawa, ya kashe su in ya yi kaɗan, kuɗin sanin inda yake da abin da ke cikinsa ba kuɗin ado ba ne. Yana da masu shi, sai dai ba su san hanyar ofishinku ba.

Yanzu darakta. Uba ne a wurinka, kuma ka riƙe shi a haka. Kada ka ba shi amsa a gaban mutane, kada kuma ya fara jin ta a bakin wani. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce masa: Baba, kai ka kawo ni wurin nan, ba zan yarda a ce ta hannuna sunanka ya ɓaci ba. Ka nuna masa cewa sa hannunsa ne na farko a kan takardar, naka na biyu. Dattijo mai hankali in ya ga kariyarsa kake yi, ba ƙin umarninsa ba, yakan sauko. Kuma kada ka je masa hannu rabbana, ka je da abin da za a yi a madadin.

Abu na farko shi ne wasiƙa mai zafi zuwa sama, yau ba gobe ba, zuwa ma'aikatar da ke kula da ku da ma'aikatar kuɗi, da sunayen mutanen 14, da watannin, da jimillar bashin, ana neman a saki kason. Sau da yawa fayil yakan kwana a tebur ne saboda takarda ɗaya da ba a haɗo ba, rahoton yadda aka kashe kason baya ko makamancinsa, kuma ba mai kiran ka ya gaya maka. Ka bincika ko naku ne ya rage. In da hali darakta ya hau jirgin ƙasa daga Gaundare ya bi fayil ɗin da ƙafarsa, domin a Yawunde takardar da mai ita ke tsaye a kanta ta fi saurin tafiya. Tare da wannan, ka tafi wurin mai sa ido kan kashe kuɗi da ma'aikatar kuɗi ta ajiye muku, wanda ba a biyan komai sai da hatiminsa. Ka tambaye shi a rubuce ko akwai hanyar da doka ta buɗe, ka karɓi amsarsa a rubuce. Takardar umarnin da ministan kuɗi ke fitarwa a ƙarshen kowace Disamba kan yadda za a aiwatar da kasafi tana wurinsa, ku duba ta bana tare. In kuna da hukumar gudanarwa, darakta ya nemi shugabanta ya kira zaman gaggawa. In kuna da kuɗin shiga na kanku, na gwajin ruwa ko hayar kayan aiki ko bashin da kuke bin wasu, wannan ne wurin da ya fi dacewa a fara tatsa, ko rabin wata ne a raba musu. In ma a ƙarshe za a taɓa wani gurbi, to waɗanda doka ta ba ikon su taɓa shi, da sunansu da hatiminsu, kai kuma ka biya da takardarsu a hannunka.

Bayan kun yi magana ta baki, ka rubuta masa 'yar takarda cikin ladabi, ka faɗi abin da aka nema da dalilin da ya sa ba zai yiwu ba, da hanyoyin da ka kawo. A yi mata rajista a ofis, ka ajiye kwafi a gida. Wannan ba cin amanarsa ba ne, haka aikin yake. In ya matsa duk da haka, ka ce ya rubuto. Mafi yawan umarnin da ba su da tushe a nan suke mutuwa. Layin waya na 1517 na CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci, yana nan, amma ban ga abin da ya kai can ba tukuna, don mutumin da ka siffanta mini tausayi ne ya ruɗe shi, ba kwaɗayi ba. Sai in ka ga an zagaye ka an ƙirƙiri takardun da sunanka.

Su ma ma'aikatan suna da ƙarfin da ba su yi amfani da shi ba. Ma'aikacin gwamnati na dindindin daga Yawunde albashinsa ke fitowa, shi ya sa wannan masifar ba ta taɓa shi. Masu kwantiragi kuwa dokar ƙwadago ta 1992 ce ke kare su, kuma ta ce albashin wata a biya shi cikin kwana 8 bayan ƙarewar watan. Suna da damar kai kuka wurin sufeton ƙwadago na yanki, ya kira ɓangarorin biyu ya rubuta. Darakta kada ya ɗauki wannan a matsayin tawaye. Takardar sufeto in ta hau kan fayil ɗinku nauyi take ƙara masa a Yawunde. Ka kuma gaya musu kada su yi sakaci, domin neman bashin albashi yana da wa'adin shekara 3.

Ka tambaye ni ta wajen Allah. Ka kai tambayar wurin malaminka shi ma, amma ga abin da na sani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, don haka riƙe albashin mutanen nan zalunci ne, kuma damuwarka a kansu alamar imani ce. Sai dai nauyin yana kan wanda ya ɗauke su aiki da wanda ya riƙe kason, ba a kan wanda aka ba ajiyar wani abu dabam ba. Allah ya umarce mu a cikin Suratun Nisa'i da mu mayar da amana ga masu ita. In wani bawan Allah ya ba ka kuɗi ya ce ka haƙa wa ƙauyensu rijiya, sai maƙwabcinka ya shiga matsi, ba ka da ikon ka ba shi kuɗin rijiyar ka rubuta wa mai shi cewa an sayi siminti. Kana iya komawa wurin mai kuɗin ka roƙe shi, kana iya taimakon maƙwabcin daga naka. Ita kuwa shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma rubuta sunan wanda bai je daji ba cewa ya je, shaidar zur ce da alƙalami. Kyakkyawar niyya ba ta wanke ta.

Maganar unguwa za ta yi maka ciwo, na sani. A cikin Hausawan Garwa kowa ya san gidan kowa, kuma za ka haɗu da masu zancen a sahu ɗaya. Kada ka bi su ɗaya ɗaya kana wanke kanka, kuma kada ka fito da sirrin ofis kana faɗin nawa ne a asusu. Waɗanda suka cancanci bayani su ne mutanen 14. Ka roƙi darakta ya tara su, shi da bakinsa ya gaya musu inda kuɗinsu ya maƙale, ya nuna musu wasiƙar da aka aika da ranar da aka aika ta. Mutum yana iya jure jira in ya san ana bin haƙƙinsa. Abin da ke dafa zuciya shi ne shiru.

Matarka kuwa ka zaunar da ita ka yi mata bayani tun kafin ta ji daga gidansu. Ka gaya mata gaskiya, cewa abin da ake so ka yi zai iya kai ka kurkuku ya haɗa da yayanta. Sannan ka yi abin da suruki na kirki ke yi. Ofis ya ba shi, shi da sauran, takardar shaida mai hatimi cewa suna bin hukuma albashin wata 3. Ka ɗauki takardar, ka nemi dattijo ɗaya ko limamin unguwa, ku je wurin mai gidan hayar tare, ku nemi ya ƙara haƙuri. In kana da hali ka biya masa wata ɗaya daga aljihunka, ko ka karɓi kwasar adashinka da wuri. Ku ma'aikatan da albashinku ke zuwa, ku haɗa abin da ya samu, buhun masara ko na shinkafa, a fara da masu gadi, don su ne masu ƙaramin albashi kuma su ne binciken ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Darakta ya fara sa nasa.

Mai yiwuwa ne a yi fushi da kai na ɗan lokaci, mai yiwuwa ma a nemi a canza maka wurin aiki. In hakan ta faru, ka miƙa littattafanka da takardar miƙa aiki wadda ta nuna abin da ke kowane asusu a ranar, wanda ya karɓa ya sa hannu, ka riƙe kwafinka. Ka rubuto mini abin da mai sa ido kan kashe kuɗin ya amsa, da abin da ka gani a takardar aikin binciken, mu duba layukan tare. Allah ya tsare ka, ya gaggauta musu haƙƙinsu.

Kawunka